Madarar Kali

Litinin, 2 ga Fabrairu

Ustad Karam Ilahi, malamin kokawarmu, ya sa sunana. Ni zan kara da Manzur na garin Kasur a gasar kokawa ta bikin girbin alkama. Abba da ya ji sai zagaye tsakar gida yake yana dukan cinya, kamar shi zai shiga fagen da wannan gwiwar tasa da kokawa ta cinye. Ya tara kowa ya sake kafa doka: duk abin da Kali, ɓaunar da muke tatsa, ta bayar safe da yamma nawa ne, ko ɗigo kada ya shiga shayin wani. Kali kuwa ciki gare ta, nonon sai ja da baya yake yi.

Alhamis, 5 ga Fabrairu

Bikin Tanwir, abokina tun muna yawo ba wando. Ina jin gangar ina haƙar ƙasar fage. Ustad ya ce ɗan kokawa ba ya zuwa inda mata ke rawa. To. Ba aure, ba biki, ba shayi, ba yaji. Madara da dakakkiyar gyaɗar badam da man shanu, sai ƙasa a baki. Na gaji, amma wa zan gaya wa.

Lahadi, 8 ga Fabrairu

Nimra, 'yar wana, ba lafiya kuma. Tun da aka yaye ta take ramewa, hannuwa kamar tsinken tsintsiya, ubanta Yaya Riyaz yana can Karachi wurin aiki. Matarsa Kausar, Bhabi muke ce mata, ta kai ta asibiti. Na tambaye ta me likita ya ce. "Sanyi ne kawai, je ka abinka." Ko kallona ba ta yi ba.

Juma'a, 13 ga Fabrairu

Abin kunya. Akram, wanda ni na koya wa kamun ƙugu, ya shimfiɗa ni a ƙasa gaban kowa. Ustad ya ja ni bayan bishiya ya matsa dantsena.

"Wace ce?"

Na ce wa fa, Ustad?

"Ni za ka raina wa hankali? Ƙarfin namiji ba ya tsiyayewa haka kawai. Wace 'yar ce ta shanye min kai?"

Na rantse, na sake rantsewa. Sanda ta yi magana a bayana. Ni da ko inuwar mace na gani sai na sauya hanya! Kukan baƙin ciki na yi a bakin rijiya, na ce ƙasa ce ta shiga idona.

Talata, 17 ga Fabrairu

Kunnena ya fashe, Ustad ya sallame ni da wuri. Na biyo ta garke. Bhabi ce tsugune, ta ɗebi madara daga bokitina ta zuba a ɗan kofi, ta cike gurbin da ruwan famfo. Hannunta ma ya saba.

Ta gan ni. "Shafqat, don Allah kada Abba ya ji. Likita madara ya ce a ba Nimra. Na faɗa wa Abba, ya ce a ba ta ruwan shinkafa, bayan gasa ta sha har ta ture."

Da na yi shiru da ya fi. Na ɗaga riga na nuna mata sawun sanda, na ce ga aikinki. Na ce mata ɓarauniya. Da bakin nan nawa, matar da ke wanke min bante.

Ta juye kofin cikin bokitin ta fita.

Laraba, 18 ga Fabrairu

Ban gaya wa Abba ba. Madarar yau kauri, har da maiƙo a sama. Allah Ya yafe min, ta yi daɗi.

Asabar, 28 ga Fabrairu

Ƙarfi ya dawo. Na ɗaga Akram na buga da ƙasa har sai da ya ce wash. Ustad na dariya: "Ka rabu da ita ke nan, ɗan banza!" Abba ya shafa min mai a kafaɗa da hannunsa, yana cewa shi gwiwa ta hana shi, ni ba abin da zai hana ni, gidan nan kaf ni yake jira.

Bhabi na ajiye min kwano ta juya. Sannu ma ta daina haɗa mu.

Alhamis, 5 ga Maris

Nimra ta daina tafiya, ta koma rarrafe. Gashinta ya yi ja-ja. Ina shan madara da safe ta rarrafo ta kama ƙafata, tana bin kwanon da ido. "Baffa, ɗan sam min." Uwar ta fizge ta kamar wuta ta taɓa. Na shanye duka, Abba na tsaye a kaina. Madarar ta tsaya min a ƙirji har azahar.

Lahadi, 8 ga Maris

Ban iya barcin rana ba. Tarin Nimra.

Asabar, 21 ga Maris

Cikina ne ke damuna kwanakin nan, ba wani abu ba. Rabin kwano nake iya sha, sauran in tura bayan buhun alkama in Abba ya fita alwala. In na dawo kwanon a wanke yake. Ban tambaya ba, ba a kuma ce min komai ba. Jiya dai an ɗora min gurasa mai zafi a faranti, an ce "ci, ƙanena."

Akram ya sake kayar da ni. Ustad ya ce in haka ne Akram zai tura ya kara da Manzur. Ya ɗauko sanda, idonsa jawur.

"Ka koma wurinta, ko?"

Na ce eh, Ustad. Na juya masa bayana ina jiran sandar.

Abba bai ji ba tukuna. Gobe ma ba na jin cikin zai ɗauki fiye da rabi.