Motar Wa Za Ta Kai Tegan Coci?

Goggo Beryl, ki taimake ni. Shekara shida rabona da garinmu Ballarat, ina nan Kalgoorlie ina haƙar zinariyar da ban taɓa gani a yatsana ba. Matata ta daɗe da gajiya da jira, ta auri Gavin mai sayar da tayoyi. Ban ga laifinta ba. Na Gavin nake nema, har yau ban samu ba.

Wata mai zuwa 'yata Tegan za ta yi aure, magana ta tsaya a kan motar da za ta kai ta coci. Mu gidanmu motar Holden muka gada, ba ma ga maciji da Ford. Ina da ta babana, ƙirar 1955, mai ƙiba kamar randa, kujerarta kamar gado. Gavin kuwa Ford gare shi, ta 1971, ja wur, tana ruri kamar zaki mai ciwon haƙori. Da babana na raye, ko a ƙofar gida ba za a ajiye ta ba.

Gaskiya ɗaya ce, tasa tana tashi. Tawa tana rumfar ƙanwata, kaji suna ƙwai a ciki. Har saƙo ya aiko mini, wai in taho da kajin su yi wa amarya rakiya. Shi ya koya wa yarinyar tuƙi, shi ya kai ta asibiti da ta karye, ban musa ba. Amma ranar aurenta ma sai ya riga ni? Duk abin da na tsira da shi ke nan: mota ɗaya da ba ta tashi, kwat ɗaya da ta yi mini kaɗan, da 'ya ɗaya da har yanzu take ce mini Baba.

Gajiyayye, Kalgoorlie

Ɗan'uwa, ƙyale kaji su yi ƙwansu. Motar babanka ta fi kyau a hoto, ta Gavin ta fi isa coci, amarya kuwa coci za ta. Bakinsa da ƙaiƙayi, amma wanda ya riƙe maka 'ya ba abokin gaba ba ne. Kai ma ba laifi ba ne don kana so a san da kai.

Sai dai kishi ya rufe maka ido. Mai mota shi ke tuƙi, mai tuƙi kuwa titi yake kallo. Uban amarya a baya yake zama, kusa da ita, hannunta cikin nasa. Kira Gavin yau, ka ce ka sallama, Ford ta ci. Bar shi ya yi ta goge ta. Kai kuma kai kwat wurin tela a saki ciki.

Allah ya sanya alheri, ya kai ku lafiya, kai da Tegan a baya, direbanku a gaba.