Kada Ki Kira Injiniya

Zuwa ga fitilar ɗakina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan sanyin da ke kashe ƙishin tsohon mai fenti, uwar 'ya'yana, wadda har yau in ta gifta sai buroshi ya suɓuce daga hannuna.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ni da makaranta rabuwar arziki muka yi tun da wuri, ita ba ta neme ni ba, ni ma ban waiwaye ta ba. Na ɗora takardar nan a kan murfin injin wanki ne don na san in kin dawo daga gidan yayarki shi za ki fara dubawa, kafin ki dubi fuskata.

Tun ranar da injin nan ya fara yoyo, kika ce Asabar za ki kira Injiniya, barcina ya zama na zomo. Injiniya! Mutumin da jarinsa akwatin sukundireba ne da kwalbar turare, shi ne Injiniya, ni da na fente gidajen rabin unguwa har yau Baban Auta. Kin tuna zuwan da ya yi gyaran firji? Ya tsuguna a bayansa, ya faɗi wata magana da ban ji ba, sai kika yi dariya. Dariyar nan da ke buɗe wushiryarki kamar wata ya leƙo ta tsakanin gajimare, wadda na ɗauka tawa ce ni kaɗai. Ina falo ina ta canza tasha, ban ga ko ɗaya ba. Kika ba shi ruwa a kofin gilashin baƙi. Ni kuwa kofina na roba ne, wanda Auta ta tauna wa baki tun tana rarrafe. Wallahi ranar firji ya yi sanyi, ni na yi zafi.

To, ya tauraruwata, yau mijinki ya shiga bayan inji. Na zare shi daga wuta, na rufe famfo, na jawo shi daga jikin bango ina nishi kamar mai tura mota. A can na tarar da safata da kika rantse ni na ɓatar, da matajin Auta, da kuma mai laifin: tiyon da ke fitar da ruwa ya tsage daidai inda ya lanƙwashe a jikin bango. Na kama zoben ƙarfen da ke matse bakinsa da filaya, na zare. Ashe akwai sauran ruwa a ciki. Duk dattin wankin makon jiya a fuskata ya sauka, har da kumfa a gashin baki. Da kina nan, da kin yi dariyar nan, da na yafe wa ruwan.

Na ɗauki tsohon tiyon na kai shago don kada a ba ni wanda bai yi daidai ba. Na dawo na cusa sabon, na mayar da zoben, na matse har jijiyar wuyana ta tashi. Na kunna, na tsaya ina riƙe da ƙugu kamar wanda ya gina gada.

Injin ya yi ta shan ruwa. Yana sha, yana sha, ya ƙi cika. Ashe na bar ƙarshen tiyon kwance a ƙasa a bakin magudana, duk abin da ya shiga ta sama sai ya zurare ta ƙasa. Na zauna a kan bokiti ina kallonsa, sai na ga kamar madubi nake kallo. Shekara da shekaru kina zuba mini alheri, kin jure warin fenti da munsharina, kin haifa mini yara masu kama da ke don Allah ya tausaya musu, amma dariya ɗaya da kika yi wa wani ta sa komai ya zurare. Wace irin zuciya ce wannan, ya sanyin idona, da ba ta riƙe ruwa? Sai idona ya faɗa kan ƙugiyar nan ta bango da kike hana ni rataye tawul. Na ɗaga tiyon na saƙala a kai. Injin ya cika, ya juya, ya zubar da ruwansa inda ya kamata. Ki shafa ƙasan ki ji, a bushe yake kamar maƙogwarona ranar firji.

Kin tuna lokacin da ba mu da inji, ɗakinmu ɗaya, bahonmu ɗaya? Kin tuna yadda muke matse zanin gado, kina riƙe da baki ɗaya ina riƙe da ɗayan, muna murɗawa, yana gajarcewa, muna matsowa, har goshina ya taɓa naki? A nan na fara ganin wushiryar nan kusa da kusa. Wane Injiniya ne ya san wannan aikin?

Roƙona ɗaya ne, ya furen da bai san kaka ba. Ki ɗauki waya ki ce masa Asabar ya huta, an gyara. In ya tambayi wanda ya gyara, ki faɗa masa a hankali yadda zai ji da kyau.

Zanin gadonmu mai shuɗin fure yana cikin baho. Ni na tsayar da injin kafin ya matse shi, ba lalacewa ya yi ba. Kada ki taɓa shi sai na dawo daga aiki, sannan ki kama baki ɗaya.

Naki har tiyon numfashina ya tsage, kuma shi ba a sayar da sabo a shago,
Baban Auta, mai kofin roba.