Sunan Surukina a Manazarta

Dala, Maiduguri
3 ga Yuni, 2013

Ya Garzali,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka na Zariya. An katse mana layin waya, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Kundina kan noman masakwa, wato dawar rani, ya kammala, amma malamina Dakta Hashim ya ƙi sa hannu. Babi na uku duk daga bakin surukina na samo shi, tun da suka gudo daga ƙauye suka sauka gidanmu: yadda ake tare ruwa a firgi, baƙar ƙasar lakar da ake nomanta, da ranar dashe. Ba littafin da ya kawo wannan. A manazarta na rubuta "Baba (2013)". Dakta ya zagaye shi da jan biro, wai Baban wa? Ko cikakken suna, ko a cire babin. Ni kuwa ina zan kama sunan mahaifin mijina? Sati uku ya rage a kare kundin, kuma ina jin tsoro.

Ƙanwarka,
Kaltumi

Zariya
11 ga Yuni

Kaltumi,

Bayan gaisuwa, na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Baban wa, lallai! Malaminki na da gaskiya, dole mai karatu ya san inda zai bi sawun magana. Ga tsarin: sunan mahaifinsa, waƙafi, harafin farko na sunansa, shekara, sai ki sa "hira", da wuri da rana. Ki ba mijinki Mikail ya buga layin. Amma ranar kare kundi za su tambaye ki da baki, nan kuma dabarata ta ƙare.

Ki gaishe da tsohon.
Yayanki, Garzali

Dala
2 ga Yuli

Ya Garzali,

Ina gaisuwa. Na ci!

Mikail ya buga, Dakta ya sa hannu. Da aka karanta wa Baba layin sai ya ce bai yarda ba, shi ba mutumin Dala ba ne, a ƙara sunan ƙauyensu ko da ba kowa a cikinsa yanzu. Aka ƙara.

Ranar kare kundin kuwa ya sa babbar rigarsa, ya hau keke ya biyo ni, muka wuce shingen sojoji huɗu. Malamin da ya zo daga waje ya duba takarda ya ce, "Wane ne wannan da kika dogara da shi haka?" Na sunkuyar da kai. Sai Baba ya miƙe daga kujerar baya ya ce, "Ni ne. 'Yata ba za ta faɗa ba." Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da na garinsu, a hankali, don a rubuta daidai. Minti ashirin suna tambayarsa kan firgi, suka manta da ni. Na yi kuka don daɗi.

Idan kana son ganin sunan, yana shafi na casa'in da huɗu.

Ka huta lafiya.
Kaltumi