Takardar da Kika Ɗinke Cikin Fata

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama, ya yalwata miki makwanci. Ni ne Isuhu, ɗanki na fari, nake rubuto miki daga Madarumfa, daga zauren gidan da kika bari. Yau shekara guda da wata biyu ke nan da muka kai ki.

Na san ba ki karatu, na kuma san inda kike ba a kai wasiƙa. To amma ko a duniya, yaushe muka taɓa zama muka yi magana ni da ke? Ni ɗan fari ne. Ba ki kiran sunana, ba ki kallon idona. In kina da saƙo sai ki ba ƙanwata Hajo ta kawo mini, ko da kuwa ina zaune taku uku daga inda kike. Mutanen gari suna yaba miki wannan kunya, ni ma na yaba. Yau dai ki yi haƙuri ki saurara, don maganar ta yi mini nauyi a ciki.

Kin san na yi shekara goma sha huɗu a Kumasi, amma ba ki san irin zaman da na yi ba, don ba ki taɓa tambaya ba. Ina da shagon ɗinki a zango, unguwar baƙi 'yan Arewa, da keke biyu. Ina da mata, Ramatu, haifaffiyar can. Muna da 'ya ɗaya, na sa mata sunanki, shi ya sa nake kiranta Ummi. Ba ki taɓa ganinta ba. Goshinki ne da ita, da irin shirunki in ta yi fushi.

Baƙo a ƙasar Gana sai da takardar zama. Tawa kati ce mai hotona, kuma ta zaman dindindin ce, sai dai lokaci-lokaci akan mai da ita biro, wato ofishin hukuma, a sabunta. A ƙarshen daminar shekarar da abin ya faru na kai ta. Suka karɓe, suka ba ni wata 'yar takarda da ba ta kai tafin hannu ba: lamba a sama, hatimi a tsakiya, sa hannu a ƙasa. Ba hoto, ba komai. Magatakardan ya ce kada in fita ƙasar sai sabon kati ya fito, in kuwa fita ta zama dole, to wannan ce kaɗai shaidata, ba ta da ta biyu.

Mako uku bayan nan wani direban kamiyo, babbar motar goro, ya kawo mini labarin rasuwar Baba.

Ramatu ta roƙe ni in jira katin. Ta ce wanda ya tafi ya riga ya tafi, addu'a tana isa daga ko'ina. Na yi mata tsawa. Na ce wane irin ɗan fari ne zai ji an binne ubansa ya zauna jiran takarda? Ummi ce ta riƙe mini buta har tasha. Shekararta takwas. Na ce mata kafin ta yi kewata na dawo.

Kin tuna zuwana. Kina cikin takaba, kina ɗaki, na durƙusa a bakin ƙofa na yi miki gaisuwa, kika amsa wa bango. Na zauna karɓar ta'aziyya tare da Kawu Ɗan Bala, ƙanen Baba. Takardar nan tana cikin wani gwangwani a ƙarƙashin matashina. Kowace safiya sai na buɗe na duba, don ɗakin yana yoyo, ga gara ta cinye rabin azara.

A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wata rana Kawu ya ga ina dubawa, ya yi dariya ya ce wai ko amarya ce a cikin gwangwanin. Ni kuwa da taƙamar mutumin da ya ga duniya, na ɗaga murya na ce, "Kawu, raina yana cikin takardar nan. In ta lalace na lalace." Kina bayan zana kina tsince wake. Na san kina nan. Wallahi don ki ji na faɗa, don ki san ɗanki ya zama mutum mai takarda da hatimi. Ban yi bayanin ko mece ce ba, ban ce dole a gan ta a karanta ba. Na dai faɗi maganata na rufe gwangwani.

Ana nan sai masu zuwa garin Ɗan Issa suka dawo da labarin da suka ji a rediyo, wai Gana ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita. Gari ya ɗauka, kowa yana da ɗan'uwa a can. Ni ko gezau. Na ce wannan ba da ni ake ba, ni mai izini ne. Na dai ga gara in koma da wuri, don Ramatu da Ummi su kaɗai ne a gida.

Ranar tafiya da safe na buɗe gwangwani, wayam. Na kakkaɓe tabarma, na zazzage jaka, na tono ƙasan gado, gumi yana karyo mini. Sai ga Hajo ta shigo da murmushinta, riƙe da wata laya sabuwa ful, ta jar fata, da igiyarta. Ta ce, "Inna ta ce ka rataya a wuya. Takardarka tana ciki, yanzu ba gara ba ruwa."

Inna, ni tela ne. Na juya layar nan a hannuna na ga ɗinkin, ƙanana, a matse, an bi gefe huɗu har sau biyu. Na san basilla ba ta tambayar abin da ke ƙarƙashin fata kafin ta huda. Na so in farke ta nan take. Amma zaure ya cika da masu sallama, liman ya riga ya ɗaga hannu, ke kuma kina bakin ƙofar ɗakinki kin juya baya kina dama fura. Ta yaya zan sa wuƙa in farke layar uwata a gaban jama'a? Na rataya. Na ce wa Hajo, "Ki ce mata na gode."

Kai! Wannan "na gode" ta fi komai ƙona mini rai har yau.

Kwana shida muka yi a hanya, a saman kamiyo, daga Maraɗi zuwa Ƙonni, Doso, Yamai, har muka ratsa ƙasar Mosi. Sau nawa na kai hannu zan buɗe, sai in fasa. Tsoro ne, ba biyayya ba. Na riƙa gaya wa kaina ai fata ta fi gwangwani. Rana tana dukanmu, zufa tana gangarowa daga wuyana ta bi igiyar ta jiƙe layar. Tun kafin mu isa iyaka muka fara gamuwa da motocin da ke fitowa, shaƙe da mutanenmu, da katifu, da tukwane, da 'ya'ya. Wasu da suka san ni suna yi mini ihu wai ina za ni. Ni kuwa sai in bugi ƙirjina inda layar take.

A bakin iyaka na ari reza na zauna a gefen hanya. Badukun da ya ɗinke layar ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya ninke takardar har sau huɗu, ya naɗe ta da zare, ya shafe ta da ƙullu don ta kama fata. Da na ɓare, rabin hatimin ya tafi da fatar. Jan rinin ya narke da zufa ya bi sauran. Lambar kuwa, wadda ita ce ni a cikin littafinsu, basilla ta bi ta kanta ta bar huji-huji.

Ma'aikacin ya ɗaga ta da yatsu biyu, ya nuna wa abokan aikinsa, suka yi ta dariya. Na yi masa magana da harshensu, na faɗi sunan unguwarmu, da layinmu, da wanda ya ba ni hayar shago. Ya ce kowa a wannan layi yana da unguwa. Ya ce in je biron da ya ba ni takardar su ba ni wata. Na ce biron yana ciki, ya ce to in kawo takarda in shiga. Kwana goma sha ɗaya na yi a wurin ina jin wannan amsa, har guzurina ya ƙare.

Da na dawo gida kin aiko Hajo da ƙwaryar fura. Ba ki tambayi abin da ya dawo da ni ba, ni ma ban faɗa miki ba, Hajo kaɗai na gaya wa.

Ban zauna haka nan ba. Na bi ta daji sau ɗaya tare da masu shanu, aka kama ni kafin in yi nisa, aka ɗora ni a mota aka watso ni waje. Na aika wasiƙu ta hannun direbobin goro ba adadi. Na ce Ramatu ta taho da yarinyar, danginta suka ce su jira katin. Katin kuwa aka ce sai mai shi ya zo da kansa. Kafin a gama wannan jan rai sai fari ya sauka mana, shekara bayan shekara, har tabkin nan namu ya ja baya, mutane suna haƙar ƙasa neman ruwa a inda muke jefa taru. Wace uwa za ta bar 'yarta ta taho ƙasar da ake bin layin hatsi? Bayan shekara huɗu malaman zango suka raba auren. Ramatu ta auri wani mahauci. Ban ga laifinta ba, ta jira fiye da yadda na cancanta.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na zarge ki, Inna. Na ce da gangan kika yi, don in zauna in riƙe gonar Baba. Shekara tara ina ɗauke da wannan. Na yi miki duk abin da ɗa yake yi, na cika rumbu lokacin da aka samu, na yi ban ruwa a bakin tabki lokacin da ba a samu ba, ban bari kin kwana da yunwa ba. Amma gaisuwata daga bakin ƙofa take, a tsaye. Duk furar da kika aiko, maƙwabta suka sha. Ni tela, ban taɓa ɗinka miki ko ɗankwali ba. Na san kin lura.

Sai bayan mun dawo daga maƙabarta Hajo ta zaunar da ni. Ta ce ranar da aka ɗinke layar nan ke da kanki kika fita, kina cikin takaba, ke da ko rijiya ba ki zuwa. Kika lulluɓe da tsakar rana kika tafi gidan baduku a bayan kasuwa, kika tsaya a kansa har ya gama. Ta ce abin da kike ta maimaita masa shi ne, "Ka ninka fatar, ka matse ɗinkin, ran yaron nan ne a ciki." Ta kuma ce tun makon da na dawo ta gaya miki abin da ya faru a iyaka. Kin sani. Duk shekarun nan kin sani. Ta ce in kin ji ƙarar kamiyon goro ya tsaya a tasha sai ki shiga ɗaki ki ja ƙofa.

Haba Inna! Haba! Kalma ɗaya fa. Da kin aiko Hajo tun farko ta ce me ke cikin gwangwanin nan, da na yi bayani. Da bayan na dawo kin ce mini ba da nufi ba ne, ko ta bayan zana, ko ga bango kika faɗa, da na ji. Wace irin kunya ce wannan da za ta bar uwa da ɗa su tsufa a gida ɗaya kowa yana cin kansa? Wallahi da a ce da gangan kika yi, da ya fi mini sauƙi, don da na san inda zan ajiye fushina. Yanzu ban san wa zan tuhuma ba. Ke da kika so ni, ko ni da na yi taƙama, ko mutanen da suka ce shekara goma sha huɗu na mutum ba su kai nauyin tawadar hatimi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wannan. Ranar Juma'ar da ta wuce wani direba da na sani tun a zango ya same ni a lambu ina cire albasa. Ya miƙo mini goro biyu a cikin ganye. Ya ce an ɗaura auren Ummi da wani malamin makaranta, yaron kirki, ita ta zaɓe shi. Mijin uwarta ne ya tsaya mata, kuma da sunansa aka kira ta a gaban jama'a. Goro biyu, Inna, daidai da abin da ake ba duk wanda ya zo wucewa.

Na tambaye shi ko ta yi maganata. Ya ce da zai taso ta ce in ya bi ta garinmu ya gai da mutumin nan na Nijar.

Na so in rubuta miki a nan cewa na yafe. Na fara, hannuna ya tsaya, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Ina kan ƙoƙari. Wasu ranaku nakan wayi gari na yafe sarai, kafin azahar abin ya dawo. Ke dai ki yafe mini furar nan da ban sha ba.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Baba a gidan da ba a tambayar kowa takarda. Allah ya ba yarinyar nan zaman lafiya a ɗakinta, ya ba ta 'ya'yan da za ta riƙa kira da sunansu. Ni kuma Allah ya sanyaya mini zuciya kafin in iso inda kike.

Jikarki ta yi aure, Inna. Na duba duk garin nan ban ga wanda zan gaya wa ba sai ke.

Ɗanki,
Isuhu
Madarumfa