Wasiƙun Surukina Uku Sun Tafi Cikin Littafin Soyayya

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni, kwana tara ke nan ina ɓoye wata matsala, kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekarata ɗaya da wata huɗu da aure. Maigidana malamin lissafi ne, mai haƙuri, ba shi da yawan magana. Ni kuwa tun ina makaranta ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya, har yayata takan ce in da ana cin takarda da na fi kowa ƙiba. A littattafan nan kullum matar takan shirya wa mijinta wani abu a ɓoye, ya gani idonsa ya ciko da ƙwalla. Ni ma na so in ga haka ko sau ɗaya ne. Abin da ya ja mini ke nan.

Mahaifin maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara uku a Jamus yana koyon gyaran injin ban ruwa. Bayan ya dawo, tsohon da ya koya masa aikin ya ci gaba da aiko masa da wasiƙu da Jamusanci, bugun tafireta. Guda goma sha ɗaya ne, suna cikin wata tsohuwar ambulan a aljihun teburin maigida. Ba ya jin ko kalma ɗaya a ciki, amma nakan gan shi ya fito da su, ya shafa, ya mayar. Tawadar ta fara koɗewa. Sai na ce bari in sake buga su, a yi musu bango su zama ɗan littafi, in miƙa masa ranar da Baba zai cika shekara biyar da rasuwa.

A kwamfutar gida akwai manhajar da yake tsara takardun jarrabawa da ita. Ba ta nuna shafi yayin da ake bugawa. Zallan rubutu ake yi da 'yan umarni, sannan a danna, ta fitar da shafi tsaf kamar daga maɗaba'a. Na sha zama a hannun kujerarsa ina kallo, na ɗauka na iya. Da ya fita aiki sai na kwafi fayil ɗinsa guda, na goge lissafin, na fara.

Anti, haruffan Jamusanci ne suka kayar da ni. Akwai haruffan a da o da u masu ɗigo biyu a ka, da wani mai kama da B. Ɗaya-ɗaya nake kwafo su daga intanet ina liƙawa. In na danna, wani lokaci su ɓace, wani lokaci su rikiɗe su zama wasu alamomi kamar sawun kaza, jan rubutu ya cika ƙasan allo. Kwana huɗu ina fama. Tambayarsa kuma ba ta taso ba, tunda a ɓoye nake yi. Rannan haushi ya kama ni, na sa kwamfutar ta cire duk ɗigogin a lokaci ɗaya, mai kama da B ɗin kuma na mayar da shi B, na adana a kan fayil ɗin. Shafi ya fito fes. Na ce daga baya na duba takardun asali in gyara.

Ina gama buga ukun ƙarshe ke nan, su ma ba ɗigo, na ji babur ɗinsa a ƙofa, ya dawo ɗaukar wani abu da ya manta. Na jefa ambulan a aljihun tebur, ukun nan kuma na cusa su cikin littafin da nake karantawa. Na manta da su shaf. Bayan kwana biyu na kwashi littattafai bakwai na kai wa mai tsofaffin littattafai na bakin tasha, inda nake musanya. Sai da na zo gyaran ɗigo na ƙirga, na ga takwas. Ko mayafi ban yafa daidai ba na koma wurin mai littattafan. Ya ce wata mata ta sayi littafin, bai san ta ba, kuma shi ba ya buɗe littafi.

Abin da ya rage na ukun nan yanzu shi ne bugun da na lalata da hannuna. Jiya kuma maigida ya shigo da murnarsa, wai ya sami wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a Jamus, ranar Asabar za ta zo ta karanta wasiƙun a gaban Umma, mahaifiyarsa. Har ya ce in yi mata girki mai kyau. Na ce to.

Wata zuciyar tana ce mini in yi shiru, wataƙila bai san adadinsu ba. Amma malamin lissafi ne fa, Anti. In na faɗa kuma, da wane ido zan dubi Umma? Kuma ko akwai yadda za a yi ɗigogin su dawo? Da na sani da na bar takardun nan inda na same su.

Daga ƙanwarki mai nadama.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Share hawayenki, mu ɗauki abin ɗaya bayan ɗaya.

Niyyarki mai kyau ce. Kin ga tawada tana koɗewa kin damu, ba kowace mata za ta lura ba. Amma takardun nan ba naki ba ne, abin da ya rage masa na mahaifinsa ne, kuma kin taɓa su ba da saninsa ba. In ransa ya ɓaci, yana da gaskiya. Kada ki sa ran zai rungume ki nan take kamar a shafin ƙarshe na littafi.

Ki faɗa masa yau, kada ki kai Asabar. In ya gano a gaban mahaifiyarsa da baƙuwa, ɓatan takarda zai zama ƙaramin laifi, shirunki ne zai fi yi masa ciwo. Ki ajiye masa takwas ɗin da bugun da kika yi, ki faɗi abin da ya faru a jere kamar yadda kika rubuto mini. Kada ki fara da cewa don shi kika yi, zai gane da kansa. Yadda za a sanar da Umma kuma ki bar masa, ya fi ki sanin mahaifiyarsa.

Batun haruffa ya fi sauƙi. Irin wannan manhaja sai an gaya mata abu biyu a saman fayil: tsarin da aka adana haruffan da shi, wanda yawanci UTF-8 ne, da kuma cewa rubutun Jamusanci ne. Fayil ɗin da kika kwafa na lissafi ne, ba a shirya shi don wannan ba. Layi biyu ne ko uku, kuma wanda ya san su yana kwana a gidanki. Ki ƙara allon bugun Jamusanci a kwamfutar, ki huta da kwafo harafi ɗaya-ɗaya. Ki gwada da jimla guda kafin ki buga shafi. Jan rubutun nan kuma ba zagi ba ne, yana nuna layin da matsalar take. Gaba, kafin ki canza abu a duk fayil, ki ajiye kwafi daban.

Takwas ɗin ki gyara su daga asali. Ukun kuwa ki nuna wa ma'aikaciyar jinyar bugunki, ki gaya mata abin da kika cire. Mai jin harshen zai gane inda yawancin ɗigogin suke daga ma'anar jimla. Maganar tsohon ba ta ɓata ba, albarkacin bugun naki. Takardar da Baba ya riƙe da hannunsa ce ta tafi, wannan kuwa ba zan ce miki ba asara ba ce. Ki bar wa mai littattafan lambar wayarki, masu karatun irin waɗannan sukan dawo musanya.

In ya huce, ki tambaye shi ko yana son littafin. In ya ce e, ku zauna ku ƙarasa shi tare. In ya ce a'a, ki haƙura.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya jiƙan Baba, ya ba ki ƙarfin buɗe baki yau ɗin nan.