Motoci Biyar Ne Ke Tashi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kuna lafiya, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa. Ni ma lafiya, sai gajiyar shekara ta uku a ƙasar mutane.

Saƙonka ya iso, inda kake cewa in bi manya in sa hannu, kada in zubar da igiyar sajan da nake jira. To bari ka ji abin da ake so in sa wa hannu. Tunda majalisa ta fara maganar rage kuɗin soja da maido mu gida, aka ce 'yan kwamiti za su zo duba mu. Motoci goma sha biyu ne a garejina, biyar ke tashi. Sauran mun daɗe muna kwance musu kaya muna raya biyar ɗin. Sai ga umarni: a yi musu fenti, a tura su kan layi, a riƙa zagayawa da batir ɗaya ana tayar da duk wadda injinta ke iya tari. Ni kuma makanike in rubuta a takarda cewa duk ƙalau suke. Dogo, abokin aikina, ya ce in haka ne shi ma a shafa masa fentin a ce saurayi ne.

Ban ce oganmu ɓarawo ne ba. Ya kira ni ofis ya ce in aka janye mu, mutanen ƙauyukan da muke rakawa kasuwa sun shiga uku. Gaskiyarsa, na san fuskokinsu. Amma masu kumfar baki a rediyo, 'yan a rage da 'yan a ƙara, ba wanda ya taɓa kwanciya ƙarƙashin mota. Da takardar nan gobe za a loda mutum ashirin a motar da na ɗaure birkinta da waya. Na ce wa ogan in 'yan majalisa za su bar mu a nan su aiko kayan gyara, in ba za su iya ba su kwashe mu. Ya ce in manta da ƙarin girma. Na ƙame, na sara masa, na fito.

Jiya na miƙa takardar. Biyar na rubuta, da haruffa, ba da lamba ba, don kada wani ya gyara mini. Faɗanka sai ka ajiye har in dawo.

Ka gaida Inna, Goggo, Kawu, mai ɗakinka da Auta.

Naka ƙane,
Kofur