Kwalba Mai Shuɗin Murfi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan Allah ya yalwata miki makwanci. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma ƙara na kawo, kuma wadda nake ƙara da wadda zan kai wa ƙarar duk ke ce. Masu karantawa su yi haƙuri, maganar gida ce.

Hunturu na biyu ke nan ba kya nan. Kin san fatar fuskata, tunda ke kika sha fama da ita: sanyi na shigowa ta bushe ta yi furu-furu, kumatu su tsage, duk man da ke da ƙamshi kuwa sai ya feso mata ƙuraje. To, takwararki Ummi ta gado ni kaf. Shekararta biyar yanzu. Ubanta ko sabulun wanki ya goga a fuska ba abin da zai same shi, amma ba ta ɗauko komai nasa ba sai tsawon ƙafa.

Bara ba mu sha wuya ba, don akwai ragowar man da kika kawo mini na ƙarshe. Farar kwalbar nan mai shuɗin murfi da rubutun Turawa, wadda tun ina aji uku a sakandare kike miƙo mini duk farkon sanyi, ki ce wata Hajiya mai zuwa Makka ce take kawo miki. Sai ki karɓe tsohuwar, wai za ki zuba allura da maɓallai. Shekara goma sha huɗu muna haka. Bana man ya ƙare ƙaƙaf, har da yatsa na kwakule gindin kwalbar.

Na ɗauki kwalbar na shiga kasuwa, rumfa rumfa ina nunawa kamar mai cigiyar ɓatacce. Masu sayar da mayuka na garin nan, Inna, Allah ya shirye su. Ki ce fuskarki ba ta son ƙamshi, su miƙo miki mai ƙamshi. Ki ce na yarinya kike nema, su ce: “Madam, wannan zai fito mata da kala.” Wa ya ce musu kala na zo nema?

A rana ta huɗu na samu. Kwalba iri ɗaya, murfi iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Na sayi biyu, na hau acaɓa ina murna kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Da na buɗe sai ƙamshi ya doke ni, abin da naki bai taɓa yi ba. Na ce wataƙila sun inganta shi ne. Na shafa, na shafa wa Ummi.

Kafin la'asar kumatunta sun yi jajur kamar an sharara mata mari. Tana kuka tana susa, ni ma tawa fuskar tana raɗaɗi, amma wa yake ta tawa?

Daga nan kowa a layinmu na Fadikpe ya zama likita. Mai cewa lemon tsami, mai cewa man shanu, mai cewa baki ne ya kama ta a nemo rubutu. Wani mai kemis ya ba ni ɗan man matsawa, ya rantse kwana uku ya isa. Ƙaiƙayin ya lafa, gaskiya, amma kafin sati biyu kumatun yarinya sun fi wuyanta haske, fatar ta yi laushi kamar ta jariri, ko ruwan ɗumi ya taɓa ta sai ta ƙwalla ƙara.

A haka muka je suna Tudun Wada. Surukata ta kama haɓar Ummi ta juya fuskarta wajen haske, a gaban mata cike da tsakar gida, ta ce: “Yanzu har yara ake yi wa bilicin?” Na ji kunya, Inna, na ji haushi, kuma ba ni da hujja, tunda hannuna ne ya shafa. Ummi kuwa ta daina zuwa makaranta, don yara suna kiran ta mai fuska biyu.

Sai na shiga neman Hajiyarki mai zuwa Makka. Na bi ƙawayenki ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta san ta. Ƙanwarki Lami ce ta dubi kwalbar, ta kau da kai tana danne dariya, ta ce in je unguwar Sauka Kahuta in tambayi Mama Saratu mai man kaɗanya.

Tsohuwar ta riƙe kwalbar ta yi dariya har da hawaye. Ta ce da Hausarta ta wadda ba Bahaushiya ba: “Wane Makka? Inna naka a nan yana zauna, kan wannan turmi. Man kade ne, yarinya. Shi da kansa yana wanke shi, ruwa bakwai.”

Ita ta tuna mini abin da ni na manta. Wai ranar da na dawo daga makaranta ina kuka, 'yan ajinmu sun ce ina warin man kaɗe irin na 'yan ƙauye, na yi jifa da gwangwanin na ce gara fuskata ta tsage. Kika je kika roƙo kwalabe biyu da aka gama da su a gidan wata nas. Duk shekara ki narka man, ki tace da farin ƙyalle, ki yi ta cuɗa shi cikin ruwan sanyi kina zubarwa kina sakewa, har warin ya fita, sannan ki buga shi ya yi fari tas. Ki cika ɗaya, ki karɓe ɗaya.

Haba, Inna! Haka ake yi? Kwana goma sha ɗaya kika yi a kwance. Kin faɗi wadda za a ba tukwanenki, kin faɗi inda za a kai zannuwanki, har akuyar nan mai cin sabulu sai da kika yi mata wasiyya. Amma ki buɗe baki ki ce “Bilkisu, man kaɗe ne” ya gagare ki? Da kin faɗa, da jikarki ba ta yi wata guda tana kuka ba.

Ni ma dai ban tsira ba. Malamar makaranta guda, shekara goma sha huɗu rubutun kwalba yana koɗewa a hannuna, ban taɓa tambayar yadda sabon kaya yake zuwa da tsohon tambari ba.

Mama Saratu ta ƙi yi mini. Ta ce in zauna in yi da hannuna, yadda kika yi. Da sassafe ake yinsa, don in rana ta ɗaga man narkewa yake. A ruwa na uku na daina jin yatsuna. Na farko bai yi ba, sai na biyu, kuma kafaɗata ta yi kwana uku tana ciwo.

Fuskar Ummi ta haɗe cikin sati guda, kalarta tana dawowa a hankali. Ranar Litinin ta koma makaranta. Na gaya mata sunan man da inda aka samo shi, ta yamutsa hanci, na ce ta yamutsa.

Abin da ya hana ni sakat shi ne wannan. Duk sanyi yatsunki sukan kumbura, ki kasa ko ɗaura kallabi, ni kuma in zo in tsaya a kanki ina faɗa, wai me ya kai ki taɓa ruwan sanyi da girmanki, ba kya jin magana. In gama faɗan, in buɗe kwalbar a gabanki in shafa, in ce Turawa dai sun iya abu. Ke kuma ki ɓoye hannuwanki cikin zane ki ce: “Ai kuwa sun iya.”

Na zo da ƙara, ga shi na ƙare da neman gafara. Ki yafe mini, Innata.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sada ki da iyayenki cikin rahama. Ranar da za a raba wa kowa littafinsa, Allah ya miƙa miki naki a wannan hannun na dama da na yi ta yi wa faɗa. Amin.

'Yarki mai taurin kai,
Bilkisu
Fadikpe, Minna